Gaskiya ko Jita-jita: Abin da Haɗeja Ta Sani Game da Wa'adin Yaƙi

A makon farko na watan Agustan 2023 na zauna a teburin wani mai shayi, nesa kaɗan da kasuwar kifi ta Haɗeja, inda ƙaurin banda ke bin iska har cikin kofin mutum. Rediyo na ta nanata magana ɗaya: ƙungiyar ECOWAS ta ba sojojin da suka kifar da Shugaba Bazoum a Nijar kwana bakwai su mayar da shi, in sun ƙi a yi musu da ƙarfi. Wani saurayi mai sayar da katin waya ya dubi dattijon da ke gefensa.

"Baba, wallahi kurari ne kawai. Mu da Nijar uwa ɗaya uba ɗaya, wa zai ɗaga bindiga ya harbi wa?"

Dattijon ya hura shayinsa ya ce, "Yaro, ai Buhari da Ahmadu ma ubansu ɗaya."

Saurayin ya zaci tsohon shugaban ƙasa ake nufi, har ya shiga tambayar wane Ahmadun ne a Daura. Aka kwashe da dariya. Dattijon dai Sarkin Haɗeja Buhari ɗan Sambo yake nufi, wanda ya rasu shekara 160 kafin wannan hirar tamu. Tun ranar nake bin maganganun da mutane ke yi da tabbaci duk lokacin da ƙasashe biyu suka fara zare wa juna ido, ina gwada su da tarihin garin nan. Haɗeja ta dace da wannan gwaji, domin gari ne na bakin iyaka tun asali, tsakanin Sakkwato da Borno, kuma sau biyu manyan dauloli suka ba ta wa'adi suka biyo shi da runduna.

"Zumunci ba zai bari a yi yaƙi ba"

Jita-jita ce, ko da yake mai daɗin ji. Sambo, wanda ya kafa sarautar Fulani a Haɗeja wajen 1808, ya rasu a 1848, ɗansa Buhari ya hau. Ruwayoyi sun ce hankalin uban ya fi kwanciya da Ahmadu. Buhari bai daɗe a kan gado ba ya sa aka kashe Sarkin Auyo, ɗan'uwansa na jini, wanda yake gani zai iya yi masa takara. Sakkwato ta tuɓe Buhari a 1850 ta naɗa Ahmadu. Shekara na zagayowa Buhari ya dawo da mayaƙa, ya ƙwace garin, aka kama Ahmadu aka kashe.

In an ce wannan rikicin gida ne, a ɗaga ido a dubi maƙwabta. Haɗeja da Gumel, da kasuwanninsu ke cin juna, sun shafe shekaru suna gwabzawa, ba su sarara ba sai 1872, shekarar da Sarkin Gumel Abdullahi ya rasu. Katsinawan Maraɗi sun yi kusan ƙarni guda suna kai hari ƙasar Katsina, gidan kakanninsu. Damagaram ta kawo yaƙi ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1890. Duk harshe ɗaya, alƙibla ɗaya, ga auratayya. Zumuncin yana nan, ba wanda ya musa, amma a duk waɗannan lokutan bai riƙe linzamin dokin kowa ba.

"Rigimar Sakkwato da Borno ta addini ce"

A nan akwai ƙamshin gaskiya. Wasiƙun da Shehu al-Kanemi ya yi musaya da Muhammadu Bello bayan faɗuwar Birnin Gazargamu a 1808 muhawara ce ta malamai kan halaccin yaƙar ƙasar da ta daɗe cikin Musulunci, kuma kowane ɓangare da gaske yake. Sai dai ƙasar da ake jayayya a kanta ma abin dubawa ce. Kafin jihadi, ƙananan masarautun wannan kwari, su Auyo da Garin Gabas da Haɗeja kanta, Borno suke kai wa gaisuwa ta hannun Galadiman Nguru. Ƙasa ce ta fadama, mai kifi da hatsi da makiyaya ta rani, kuma hanyar fatake daga Kano zuwa Borno ta nan yankin take ratsawa. Da al-Kanemi ya taso da runduna a 1826 zuwa 1827 ya nufi Kano, har Sarkin Bauci Yakubu ya tare shi, daga ƙarshe abin da aka tsayar iyaka ce: Haɗeja da Katagum da Misau na Sakkwato, Gumel da Macina da Nguru na Borno.

Abin da ya biyo baya ya fi komai tona asirin zancen. Buhari ɗan mai tutar jihadi ne, amma da aka tuɓe shi ɓangaren Macina ya nufa, cikin ƙasar Borno, kuma fadar Shehu Umar a Kukawa ta mara masa baya. Ba aƙida ce ta haɗa su ba. Borno ta ga bango ya tsage ne. Ta samu hanyar ƙuntata wa kishiyarta ba tare da ta fito fili ta ce yaƙi take yi ba, irin abin da manyan ƙasashe ke yi yau in suna ba 'yan tawayen maƙwabciya makami da daddare, da safe su aika da saƙon jaje.

"Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi"

Wannan ita ce maganar da na fi ji a 2023 daga masu goyon bayan a shiga Nijar. Lissafinsu mai sauƙi ne: ga Najeriya, ga Senegal, ga Kwaddebuwa, ga Benin, ina sojan Nijar zai sa kansa? Karin maganar gaskiya ce a kokawa da aikin gayya. A fagen daga kuwa Haɗeja na da labarin da ya ƙaryata ta.

Sai an fara duba halin da Sarkin Musulmi Aliyu Babba yake ciki kafin a gane dalilin da ya sa ya matsa. Ya hau a 1842. Gobirawan Tsibiri da Katsinawan Maraɗi ba su bar shi ya runtsa ba, sannan a 1849 Yakubu Nabame ya tayar da Kabawa. Daular Sakkwato ba ta da rundunar dindindin. Ƙarfinta mubaya'a ce, wato yardar sarakunan Kano da Zazzau da Bauci da sauransu cewa in Sakkwato ta naɗa ta naɗa, in ta tuɓe ta tuɓe. Sarki ɗaya ya ƙi tuɓuwa, ya kashe wanda aka naɗa a madadinsa, kuma a ƙyale shi? Gobe wani ma zai gwada. Saboda haka idon Sakkwato na kan Buhari, amma kunnenta na wajen sauran sarakunan da suka zuba ido su ga yadda za ta kaya. A ganina wannan shi ne babban abin da ke tura dauloli cikin yaƙin da ba su shirya ba: 'yan kallo.

Matakan ma a jere suka zo, kowanne na haifar da na gaba. An aiko Wazirin Sakkwato ya sauka a Katagum ya kira Buhari, kiran bai yi amfani ba. Aka tuɓe shi, tuɓewar ba ta zauna ba. Abin da ya rage sai gayya. A 1853 aka tara mayaƙa daga masarautu da dama, jagorancin fagen na hannun Galadiman Kano Abdullahi, wanda daga baya ya zama Sarkin Kano Maje Karofi. Suka yi sansani a Kafur, kusa da Haɗeja. Buhari bai zauna cikin ganuwa yana jiran a kewaye shi ba. Ya zagayo ya auka musu ta inda ba su zata ba, rundunar ta watse, kowa ya kama hanyar garinsu. Gamon Kafur ke nan, wanda har yau Bahaɗeje in yana ba da labarinsa sai ka ga kafaɗarsa ta ɗaga.

Me ya kayar da masu yawa? Rundunar gayya kowa da sarkinsa, kowa da tambarinsa, kowa na tunanin gonar da ya baro. Wanda aka zo dominsa kuwa ya san kowane kwazazzabo da kowace mashaya a ƙasar, kuma ya san in ya faɗi kansa ne a bakin takobi. Ɗaya na yaƙin cika umarni, ɗaya na yaƙin rai. Asarar da Sakkwato ta yi a ranar ta wuce dawaki da lifidi. Ta fito ne don ta nuna wa sarakuna cewa ba a yi mata tawaye a kwana lafiya, sai ga shi a gaban idonsu, da mayaƙansu, aka nuna akasin haka. Ba ta sake haɗa irin wannan gayya a kan Haɗeja ba, Buhari ya ci gaba da cin gashin kansa shekara goma.

"To ai ka ga Buhari ya ci riba"

Ya danganta da wanda aka tambaya. Masarautar ta faɗaɗa a zamaninsa, ya ci Marma ya haɗe ta da Haɗeja, ya kai hare-hare ƙasar Kano da Katagum da Jama'are da Gumel. Jarumtarsa ba abin musu ba ce.

Amma akwai mai shaida da ya ratsa yankin sau biyu. Bajamushen nan Heinrich Barth, da aka sani da Abdulkarim, ya bi hanyar Kano zuwa Kukawa ta Gumel a watan Maris na 1851, daidai lokacin da Buhari ke shirin komawa Haɗeja. Ya sake bin hanyar a ƙarshen 1854, bayan Kafur. Abin da ya rubuta a tafiya ta biyu labarin kufai ne da hanyar da fatake ke tsoron bi, kuma ya ambaci hare-haren Buhari cikin dalilan. Sarkin da ya ɓalle daga daula dole ya ciyar da baraden da suka tsaya masa, abincinsu kuwa ganima ce, ganima kuma ba ta zuwa sai an fita. Haka nasara ta zame masa dabaibayi: kowace rani sai an nemi garin da za a faɗa wa. A irin wannan fita ce ya gamu da ajalinsa a 1863, a yaƙin Gogaram ta ƙasar Bade. Bayan rasuwarsa Haɗeja ta koma ƙarƙashin Sakkwato, inda take tun farko. Manomin da aka kama a gonarsa aka sayar a kasuwar bayi, shi ba a komar da shi ko'ina ba.

"Mari ne ya jawo yaƙin Turawa da Haɗeja"

Kowane yaro a garin ya san wannan. Turawa sun aiko ɗan aike da sharuɗɗa, aka sharara masa mari a mayar da amsa, sai yaƙi ya ɓarke a ƙarshen watan Afrilun 1906, Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da 'ya'yansa da manyan fadawansa, shi ya sa ake ce masa Mai Shahada. Marin ya faru, rahotannin Turawan ma sun ambace shi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: a ina rundunar take lokacin da aka yi marin? Tana bakin gari. Kanar Lowry Cole ya riga ya taso daga Kano da ɗaruruwan sojoji da igwa da bindiga mai ruwa, ya yi kwanaki a hanya cikin zafin bazara. Ba wanda ke jan igwa daga Kano zuwa Haɗeja don ya ji ko za a yi masa magana mai daɗi.

Asalin abin yana can yamma, nesa da nan. Bayan faɗuwar Kano a Fabrairun 1903 Haɗeja ta yi sallama a baki, amma ba a ci ta da yaƙi ba, kuma fadar ba ta ɓoye raininta ga barikin da Turawa suka kafa a bayan gari ba. Gwamna Lugga ya daɗe yana jin haushin haka. Sai ga Satiru. Ranar 14 ga Fabrairun 1906 talakawan wani ƙauye kusa da Sakkwato, da gatura da fartanya da baka, suka kashe Turawa uku da sojoji fiye da ashirin, suka ƙwace bindiga mai ruwa. A lokacin yawancin sojojin Lugga na can ƙasar Tibi. Turawan da ke mulkin Arewa 'yan ƙalilan ne, jarinsu kawai imanin da mutane suka yi cewa ba a cin su da yaƙi, Satiru kuwa ta fasa wannan kwarjini. Ranar 10 ga Maris aka shafe Satiru daga doron ƙasa. Aka tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin ya san da maganar. Sannan aka juyo gabas, wajen masarautar da ta rage tana ɗaga kai.

Wato abin da ya tura Aliyu Babba a 1853 shi ya tura Lugga a 1906, tsoron kada masu kallo su ga rauni. Bambancin makami ne. Dawakin Haɗeja sun fito, an yi sa'o'i ana fafatawa lungu-lungu har cikin fada, amma sulke da lifidi ba sa tare harsashi. A hukuncina, marin hujja ce da aka samu a ɓagas, in da ba a yi shi ba da an nemo wata, sai fa in Sarki ya yarda da duk abin da aka gindaya masa. Shi ma ɗin yana da nasa 'yan kallon: fada cike da 'ya'ya da jikokin mutanen da suka kori gayyar Kafur, waɗanda suka taso da labarin cewa ba a cin Haɗeja. Nasarar 1853 na cikin abin da ya sa sassautawa ta yi wuya a 1906. Wa'adi in an furta shi a bainar jama'a yakan ɗaure mai bayarwa da mai karɓa da igiya ɗaya, kowa ya rasa hanyar ja da baya ba tare da ya ji kunya ba.

"Wanda ya tara makami ba a taɓa shi"

Wannan ba ta buƙatar dogon bayani. Sarkin Damagaram Tanimu ya tara bindigogi, har igwa ake zuba masa a Zinder, abin da babu maƙwabcin da ya kai shi. Magajinsa na baya, Ahmadu Kuren Daga, ya ƙarar da ƙarfin a kan Kano. A Yulin 1899 Faransawa suka shigo Zinder. Kano, wadda ta sha fama da basasarta da kuma Damagaram, ta bi bayan shekara uku da rabi. Kowannensu ya yi tanadi, amma don maƙwabcinsa.

"Tunda ba a harba ko harsashi ɗaya ba a 2023, ba wanda ya yi asara"

Saurayin mai katin waya ya canka daidai a abu guda: ba a yi yaƙin ba. Wa'adin ya cika ranar 6 ga Agusta ba wanda ya motsa. Ranar 10 ga wata aka ba da umarnin haɗa rundunar ko-ta-kwana, ita ma ba ta taka ko'ina ba. Sai dai dalilin ya fi zumunci faɗi. Tun 31 ga Yuli Mali da Burkina Faso suka ce taɓa Nijar taɓa su ne, ka ga gayya ta samu kishiyar gayya. Ranar 5 ga Agusta Majalisar Dattawan Najeriya ta ƙi goyon bayan amfani da soja, sanatocin Arewa na kan gaba. Jihohi bakwai ne ke bakin wannan iyaka mai tsawon kusan kilomita 1,500, har da Jigawa, kuma kogin Haɗeja da kansa, in ya gangara ya zama Komadugu Yobe, shi ne iyakar ƙasashen biyu ta wajen Diffa, inda sojojinsu suka yi shekaru suna yaƙar Boko Haram kafaɗa da kafaɗa. Zumuncin ya yi aiki ne ta wata fuska, ya samar da masu shiga tsakani: Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar cikin tawagar Janar Abdulsalami, Muhammadu Sanusi na biyu da ya gana da Janar Tchiani, jagoran sojojin da suka yi juyin mulkin, ranar 9 ga Agusta, sai ayarin malamai bayansa. A 1850 Waziri ya zo Katagum ne da hukunci a aljihu. Waɗannan sun je da kunne.

Asara kuwa an yi ta. Najeriya ta yanke wutar da Nijar ta dogara da ita, aka rufe iyaka. Na je Maigatari wata Alhamis cikin watannin da iyakar take rufe, kasuwar da a da ƙurar shanu da raƙuma daga Damagaram ke rufe rana. Na tarar da wani dillali a kara zaune kan turken da babu dabba, yana kaɗa sandarsa a ƙasa. Na ce, "Alhaji, yaya kasuwa?" Ya nuna mini filin da haɓa, ya ce dabbobin na shigowa ta daji jefi-jefi, amma kuɗin da ake kashewa a hanya ya cinye ribar, mai saye kuma ya ga tsada ya juya. Masu kai hatsi da kayan masarufi arewa su ma haka, mota ta kwana a layi har kaya su lalace. Shi da bai san inda hedikwatar ECOWAS take ba, a kansa takunkumin ya sauka.

Abin da aka nema da wa'adin kuma bai samu ba. Ranar 16 ga Satumban 2023 Nijar da Mali da Burkina Faso suka ƙulla ƙawancen tsaro na Sahel. Ranar 24 ga Fabrairun 2024 ECOWAS ta janye takunkumin alhali Bazoum na tsare, Najeriya ta buɗe iyakarta a watan Maris. A Disambar wannan shekarar Tchiani ya fito a talabijin, da Hausa, yana zargin Najeriya da haɗa baki da Faransa don a hargitsa ƙasarsa, Abuja ta ƙaryata. Ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar ƙasashen uku daga ECOWAS ta tabbata, ƙungiyar da Nijar na cikin waɗanda suka kafa ta a Legas a 1975.